Jethro Direban Sai-Gida

A Romi, wata unguwa a Kaduna, in Jethro ya tsaya a ƙofar gida da sassafe yana murza hula a hannu, ba a saurin amsa masa sallama. Sai matar gida ta bi ɗakuna ta tabbatar kowa yana numfashi, sannan ta fito tana gyara ɗaurin zane ta ce, "Au, Baban Debby ne? Ina kwana." Shi kuwa bawan Allah wataƙila aron guga ya zo.

Ba halinsa ne ya ja masa ba, aikinsa ne. Direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, amma ba irin waɗanda ke buɗe wa manya ƙofa suna rusunawa ba. Fasinjojinsa a kwance suke shiga mota, cikin akwati, kuma ba wanda ya taɓa yi masa ƙorafin gudu. A wancan zamanin in ma'aikaci ya mutu, ko matarsa ko ɗansa, ma'aikatarsu ce ke kai gawar garinsu, Jethro kuma shi ne mai kaiwa. Mutanenmu na kudu kuwa sai dai a bar su. Mutum zai yi shekara talatin a Kaduna, ya gina gida a Mahuta ya shafa masa fenti ruwan ƙwai, ya manta yarensu har ya riƙa yi wa uwarsa Turanci, amma ranar da ya mutu sai ya tuna yana da ƙauye.

Motar doguwa ce fara, an cire mata kujerun gefe guda don akwati ya samu wuri. Masinjojin ofis suka laƙaba mata Sai-Gida, sunan ya bi ta har manya suka ɗauka. Jethro gajere ne, sai ya ɗora matashi a kujera yake hango hanya sosai. Magana kuwa kamar a mudu ake auna masa ita. Ka gaishe shi ya ce "lafiya". Ka tambaye shi iyali ya ce "lafiya". Ko ce masa aka yi ga gidansa can yana ci da wuta, "lafiya" zai fara cewa kafin ya tashi.

Da masu rai ke nan. Da matattu kuwa bakinsa ba ya hutawa.

Tsohon direban da ya gada ne ya koya masa, tun zamanin soja. Ya ce masa mamaci baƙo ne a motarka, baƙon da ba ya ganin hanya, in ba ka gaya masa inda kuke ba, sace shi ka yi, ba kai shi ka yi ba. Don haka kafin Jethro ya murza makulli sai ya ƙwanƙwasa akwatin da bayan yatsa, ya kira mutumin da sunansa: "Malam Sunday, Jethro ne. Za mu gida." In sun kama hanya kuma ya riƙa ba shi labari. "Mun bar Sabon Tasha. Ga Kujama. Yi haƙuri, akwai rami. Za mu hau gada." Ƙarar inji tana cinye maganar, 'yan rakiya leɓensa kawai suke gani yana motsi, wasu su ɗauka addu'a yake yi.

Akwai doka ta biyu. In mota ta tsaya da gawa a ciki, ba murfin inji ake fara buɗewa ba, dangi ake fara tambaya, don wataƙila mamacin ne ya ƙi tafiya. Duk Romi an san labarin mijin Maman Tagwai, shugabar Zumuntar Mata ta majami'arsu. Ranar da za a kai shi, tagwayen nasa ba sa ga maciji da juna, ɗaya ya zauna gaba, ɗaya baya, kowa yana kallon nasa dajin. Ana isa Kufana Sai-Gida ta mutu murus. Jethro ya fito ya ce musu, "Babanku ya ce ba ya wuce nan sai kun gaisa." Ƙatti biyu masu gemu suka rungume juna a bakin titi suna kuka kamar an ƙwace musu alewa. Jethro ya murza makulli, mota ta tashi. Ko mamacin ne ya huce, ko injin ne ya huce, wannan sai a tambayi makanikai. Abin da aka sani dai, tun daga ranar ba mai yi wa Jethro gardama a kan mota da gawa.

Matarsa Naomi ita ce ta kwashe rabon maganar gidan duka. 'Yar wani ƙauye ce gaba da Kachia, ƙasar citta. Ta zo Kaduna aikin masaƙa a Kakuri, daga baya ta koma sayar da acca da citta da daddawa a kasuwar Sabon Tasha. Muryarta tana riga ta shiga wuri. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Debby.

Ranar da aka binne mahaifiyar Naomi a ƙauye, bayan mutane sun watse, ta ja Jethro gindin ɗorawar da ke bayan gidansu, ta nuna masa ƙasa kusa da sabon kabarin.

"Baban Debby, nan."

"Nan me?"

"Kar ka raina mini hankali. Nan za a sa ni, kusa da Mama. Kuma kai za ka kawo ni, da hannunka. Ba na son wani yaro mai taunar cingam ya yi ta jefa ni cikin ramuka yana jin kiɗa."

"In ni na riga ki fa?"

"Kai? Kai da komai naka a sanyi kake yi? Ko mutuwa sai ta gaji da jiranka."

Ya ce to. Kuma "to" ɗin Jethro ta fi rantsuwar wasu nauyi.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, Jethro ya bi layi a rana ya dangwala yatsa kamar kowa. Ana nan sai wata shekara aka karanta kasafin kuɗi a rediyo. Aka ce asusun jiha ya rame, hanya biyu ce ta rage: ko a ƙara haraji, ko gwamnati ta ɗaure cikinta ta rage kashe kuɗi. Aka ce ba za a ɗora wa talaka kaya ba, gwamnati ce za ta rage wa kanta.

Naomi ta taka rawa a tsakar gida da ludayi a hannu, don an daɗe ana raɗe-raɗin za a ninka musu kuɗin rumfa. Jethro ma ranar ya yi almubazzaranci, ya faɗi kalma uku a jere: "Sun yi daidai." Yana da dalili. Shi ya san motocin ofis da ke kai Madam gyaran gashi, da waɗanda ke kai awaki gonar Oga ranar Asabar, ya san man da ke fita ta bayan gareji cikin jarkoki. A tunaninsa in za a rage kitse daga tumbi za a fara. Ya manta wuƙar a hannun mai tumbin take.

Da fari aka ce mai ya zama na dangin mamaci, su za su zuba. Sannan aka rufe garejin ma'aikata, aka sallami makanikan. Sai-Gida da ake duba ta duk wata ta shekara ba a canja mata baƙin mai ba. Jethro ya riƙa lallaɓa ta da waya da roba. Ƙarshe dai aka jera motoci a fili, aka rubuta musu lamba da alli a gilashi, aka yi gwanjonsu. Motocin Madam sun tafi, gaskiya ne, amma manyan da ke hawansu ne suka saye su, suka ci gaba da hawa. Direbobi kuwa aka ce kowa ya je ya huta.

Jethro ya sa rigarsa ta zuwa coci ya je wurin babban da ke kula da motoci. Bai roƙi aikinsa ba. Tambaya ɗaya ya yi: to in wani ya mutu fa? Mutumin ya cire tabarau ya goge, ya ce da shi cikin ladabi, "Baba Jethro, gwamnati ba kamfanin safara ba ce. Da masu rai ma yaya muka ƙare?"

Ƙarshen shekara rediyo ta ce an yi rara. Aka yi ta maimaitawa safe da yamma, har da kiɗa a ƙarƙashi. To, ai duk macen da ta kwantar da 'ya'yanta ba tuwo, da safe tana da rarar da za ta nuna a tukunya. Amma a faɗi gaskiya ko da ɗaci: harajin ba a ƙara ba, Naomi ta ci moriyar hakan, ta ƙara buhu a rumfa. Gida ɗaya, hannun dama ya karɓa, na hagu ya saki.

Wanda ya sayi Sai-Gida makanike ne a Kakuri, Ikechukwu, da ake ce wa Ike. A Kakurin aka haife shi, Hausa a bakinsa har da karin magana. Ya wanke motar da omo, ya kira fasto ya yi mata addu'a, ya sa ta rarraba ruwan leda a shagunan Nasarawa. Jethro kan je garejin ya zauna a kan tsohuwar taya, wai shan iska. Kowa ya san ba iska ce ta kawo shi ba.

"Oga Jethro, kana kallonta kamar matar da ka saki," in ji Ike. "Ka daina ɓata rai. Ku ma'aikata ba ku san haraji ba. Naku ana yanke shi tun kafin ku gani, kamar kaciyar jariri. Mu namu da kulki ake zuwa karɓa, a ɗauke maka jak a tafi da shi. Ni duk wanda ya ce ba ƙari, shi ne ubana."

"Wilfred masinja ya mutu," in ji Jethro.

"Allah ya ji ƙansa."

"A bayan akori-kura aka kai shi. Tare da buhunan taki."

Ike ya goge hannu da tsumma. "Ba daɗi. Amma mu in namu ya mutu, ƙungiyar garinmu ke kai shi har gabas, tafiyar yini guda. Ba mu taɓa jiran gwamnati ba. Ku ne aka sangarta."

Jethro ya miƙe ya kaɗe wandonsa. Ba don ya yarda ba, mudunsa na ranar ne ya ƙare.

Ya gwada wasu ayyukan. Wata makarantar yara ta ɗauke shi jan bas, har ranar da wata uwa ta gane fuskarsa, ta fizge ɗanta daga mota tana kiran sunan Yesu. Ya koma taya Naomi awo a rumfa, masu saye suka riƙa wucewa rumfar gaba. Ta kore shi. "Je ka gida, Baban Debby. Kana tsaye a nan kamar sanarwar rasuwa."

Hawan jini ne ya kayar da ita, a kasuwa, tana tsakiyar ciniki. Ɓarin jikinta ya shanye, bakin nan da ba ya gajiya ya karkace ya yi shiru. Ta yi damina guda a kwance. Jethro ne mai juya ta, mai ba ta kunu da cokali. Ana gab da ƙarshe, wata rana da hantsi, ta dube shi ta ɗaga hannunta mai lafiya, ta dunƙule shi a iska, ta juya shi dama, ta juya shi hagu, kamar mai riƙe da sitiyari.

Ya ce, "Na sani, Maman Debby."

Da ta rasu, Zumuntar Mata suka ce kar ya damu, za su haɗa abin da za a ɗauki motar gawa ta haya, irin masu jiniya da labule. Ya je ya ga masu motar. Suka ce ba matsala, amma motarsu da direbanta take tafiya, ba sa ba kowa makulli. Ya ce shi direba ne, wannan ne aikinsa tun kafin a haifi yaron nasu. Suka ce sun sani, Baba, doka ce. Ya dubi yaron da ke jingine da motar. Cingam yake tauna.

Daga nan Kakuri ya nufa.

Ike ya ji shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Oga Jethro, ba rowa ba. Motar nan ita ma neman mai kai ta gida take yi. Tun kafin in saye ta aka kashe ta da yunwa. Famfon mai yana wasa, lagireto yana yoyo. Cikin gari nake lallaɓa ta, in ta mutu yara su tura. Kachia fa ba Nasarawa ba ce."

"Ta san hanya."

"Ita ta sani, famfon bai sani ba."

Jethro ya tsaya kawai, hula a hannu. Ike ya yi tsaki, ya dubi sama, ya zagi motar da yarensu, sannan ya ce a sauke ledojin ruwan. Ya ce kuma shi ma za shi, da akwatin kayan aikinsa, don ba zai bari a ce motarsa ta kunyata Maman Debby ba, matar da ke ƙara masa gyara in ya sayi citta.

Ranar Juma'a da safe aka ɗauko ta daga ɗakin ajiye gawa. Ike ya zauna gaba. Debby da Maman Tagwai suka zauna baya kusa da akwatin. Sauran mata, cikin ankon Zumunta, da tulunan kiɗansu, suka bi su a bas ɗin haya. Jethro ya ɗora matashinsa, ya juya ya ƙwanƙwasa akwatin. "Naomi, Jethro ne. Za mu gida."

Sun bar Sabon Tasha lafiya, sun wuce Kujama. Kafin Kasuwan Magani motar ta yi tari, ta yi shessheƙa, ta gangara gefen titi ta mutu.

Bas ya tsaya a baya, mata suka firfito. Ba wadda ta kalli inji. Akwatin suke kallo. Wata ta ce a hankali, "Ta ƙi." Kafin ka ce me, magana ta zagaye: Naomi ta ƙi tafiya. Wata ta ce ai dama ta saba da Kaduna, duk ƙawayenta suna nan. Wata ta ce 'yarta tana nan, wace uwa ce za ta tafi ta bar 'ya ɗaya tilo? Aka tambayi Debby ko sun yi faɗa, ta ce a'a tana kuka. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka ce Jethro ya murza. Ya murza. Shiru.

Ike dai yana ƙarƙashin murfi, ya zuƙi mai da baki ya tofar, ya buga famfon da sifana, ya fito fuska duk baƙi. "Ya mutu. Sai sabo, kuma ba a nan ba."

Aka ce to a mayar da akwatin cikin bas. Direban bas ya ce ko kusa, in aka ji a tasha ya ɗauki gawa, motarsa ta gama samun fasinja.

Maman Tagwai ta gyara ɗaurin kallabi ta zo gaban Jethro. "Baban Debby, mun tambaya, mun roƙa, ba ta tashi ba. Ba a jan mamaci inda ba ya so. Mu nemi abin da zai mayar da mu, a sa ta a Kaduna."

"Ba ita ba ce. Famfon mai ne."

"Iye? Yau kuma famfon mai?" Ta riƙe ƙugu. "Ranar mijina a Kufana ba famfo a motar? Kai ka tsaya gaban 'ya'yana ka ce ubansu ne ya ƙi. Duk garin nan wa ya koya mana wannan in ba kai ba? In na mutane ne mamaci ne, in naka ne ƙarfe ne?"

Mata suka zuba wa Jethro ido. Abin da ya shuka shekara da shekaru ne ya tsiro masa a tsakiyar hanya, kuma ba shi da bakin cewa ba shi ya shuka ba. In ya ce dokar ƙarya ce, ya ƙaryata kansa a gaban matan da ya kai mazajensu. In ya ce gaskiya ce, Naomi ta kwana a Kaduna.

Ya juyo ya fuskanci Maman Tagwai. Sannan ya yi doguwar maganar da ba a taɓa jin ya yi da mai rai ba.

"Mama, ban yi miki ƙarya ba a Kufana. Motar da mijinki ya tsayar lafiyayya ce, a satin aka fito da ita daga garejin gwamnati. Lafiyayyar mota in ta tsaya, a tambayi mamaci. Wannan kuwa tun shekarar da aka ce an yi rara ba ta ƙara cin abinci ba. Ko amarya aka ɗauko a ciki, tsayawa za ta yi. Naomi da bakinta ta nuna mini wurin. Da bakin ya tafi, ta nuna mini da hannu."

"Mutum yana canja ra'ayi."

"Naomi?" in ji wata daga baya. Wasu suka yi dariya cikin hawaye.

Ana cikin haka wata babbar mota ta rage gudu ta tsaya gabansu. Direban wani dattijo ne Bakano, fanko yake tafiya, za shi lodin citta gaba da Kachia. Ya sauko ya ga akwati ta gilashi, ya cire hula ya mayar, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ce sarƙa dai ba shi da ita, amma yana da igiyar ɗaure kaya, in suna so ya ja su.

Maman Tagwai ta dubi igiyar. Igiya ce da ta ga jiya, ta ga yau, duk ta yi gashi. Ta ce, "To, ga shari'a ta zo. A ɗaura. In tana son tafiya, igiya za ta kai mu. In ta tsinke, ko sau ɗaya, ba mai ƙulla ta. Mu juya. Ka yarda?"

Ike ya matso ya rage murya. "Oga Jethro, kar ka yarda. Igiyar nan ko akuya ba zan ɗaure da ita ba."

Jethro ya ce, "To."

Wanda bai taɓa riƙe motar da ake ja ba bai san aikin ba. Igiya ba nauyi ke tsinka ta ba, fizga ce. In ta yi sako-sako sannan na gaba ya ja, shi ke nan. Dole na baya ya riƙe ta a miƙe koyaushe, ƙafa a kan birki, ba ya dannawa da yawa, ba ya saki. Ga shi inji a mace, birki ya yi tauri kamar dutse. Jethro ya gaya wa Malam, direban babbar motar, ya tafi a hankali, in zai canja giya ya ɗaga hannu ta taga. Ya zame gaba a kan matashinsa har ƙirjinsa ya kusa taɓa sitiyari.

Suka tashi. Sai aka ga abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Da babu ƙarar inji, motar ta yi shiru kamar ɗaki, sai kukan taya a kan kwalta. Duk abin da Jethro ke faɗa, ana ji.

"Ga Kasuwan Magani, Naomi. Ana jan mu ne, kar ki ji kunya, mutumin kirki ne. Masara ta yi kyau bana. Kazarki mai wake-wake ta ƙyanƙyashe, shaho ya ɗauki ɗaya, laifina ne. Akwai rami, yi haƙuri. Matar da ke gefen rumfarki ta zo gaisuwa, ta yi kuka sosai, na san za ki ce na munafunci ne. Ga Kufana."

Maman Tagwai da ta fara waƙa ta bari. Debby ta kifa kai a kan akwatin. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin muryar ubanta ta yi tsawo haka ba. Ike ya juya fuska waje, ya riƙa sharce hanci da tsumman gareji, har ya bar baƙin mai a kumatu.

Wajen garin Idon, hanya ta yi gangara mai tsawo. Nauyi ya tura Sai-Gida gaba, igiya ta sauko tana jan ƙasa. Jethro ya miƙe tsaye a kan birki da duk ɗan nauyin da Allah ya ba shi. Motar ta rage, igiyar ta ɗago a hankali, ta miƙe. Sai aka ji tas, sili ɗaya cikin ukun igiyar ya fashe, ya warware yana lilo. Maman Tagwai ta dafa kujera ta leƙo. Ta ƙirga abin da ya rage. Saura biyu.

"Gangara ce kawai," in ji Jethro, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. "Kin san ta. Nan ne kike cewa in rage gudu."

Daga nan ƙafarsa ta fara rawa. Ike ya ce su tsaya ya karɓe shi. Jethro ya girgiza kai. Ike ya miƙa hannu ya danne masa gwiwa don ta daina karkarwa, haka suka tafi, mutum biyu a kan birki ɗaya, suka ratsa Kachia mutane suna tsayawa kallo, suka sauka daga kwalta suka hau jar hanya. Malam bai tsaya inda zai yi lodi ba, ya wuce da su har ƙofar gida.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka isa. An gama haƙa kabari tun safe, mutane sun fara cewa ko an fasa. Maman Tagwai ce ta fara sauka. Ta je ta tsuguna ta kwance igiyar da hannunta, ta naɗe ta, ta miƙa wa Malam da hannu biyu. Sannan ta ta da waƙa, tuluna suka amsa.

Aka sa Naomi a gindin ɗorawa, kusa da mahaifiyarta. Jethro bai iya tsayuwa a bakin kabarin ba, ƙafar dama ta kumbura ta ƙi ɗaukarsa, sai kujera aka kawo masa.

A ƙauyen akwai al'ada: wanda ya tuƙo gawa gida ba ya komawa hannu wofi, ana ba shi zakara. Bayan an rufe kabari, Filibus, yayan Naomi, ya fito da jan zakara ɗaure da ƙafa, ya tsaya yana rarraba ido, don direbobi sun yi masa yawa. Ya nufi Malam. Malam ya ce shi igiya kawai ya bayar. Ya nufi Ike. Ike ya ce shi yau fasinja ne. Wata tsohuwa ta ce ai ba a ba miji ladan kawo matarsa, ba a taɓa yi ba.

Filibus ya ce, "Mijin yana zaman makoki, za mu gaishe shi gobe. Wannan na direba ne."

Ya ɗora zakaran a cinyar Jethro. Jethro ya riƙe shi da hannu biyu. A nan ne ya fara kuka.